Google Scholar, PubMed, JSTOR, AJOL ko Scopus: A Wane Rumbu Za Ka Nemi Maƙalun Bincikenka?

Ɗalibin da ya kai babi na biyu na kundinsa, wato bitar ayyukan da suka gabata, yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Ko dai ya kwafe taken bincikensa gaba ɗaya ya zuba a akwatin nema, allo ya nuna masa babu komai, ya je ya shaida wa mai duba aikinsa cewa ba wanda ya taɓa rubutu a kan batun. Ko kuwa ya rubuta kalma ɗaya tak, sakamako ya zubo masa dubbai, ya kwashi goman farko ya kama gabansa. Ciwon ɗaya ne: bai san wane irin rumbun maƙalu na intanet ya shiga ba, bai kuma san wane ɓangare na maƙala rumbun yake dubawa ba idan an ba shi kalma.

Sanin ɓangaren maƙalar da rumbu yake dubawa shi ne ƙashin bayan zaɓin. Wani rumbun yana karanta maƙala daga farko har ƙarshe, har da manazartarta. Wani kuwa take da tsakure (taƙaitaccen bayanin maƙalar) da fitilun kalmomi (muhimman kalmominta) kawai yake dubawa. Akwai kuma wanda yake da nasa ƙamus na kalmomin da aka tantance, yana liƙa wa kowace maƙala laƙabi daga cikinsa. Kalmomin da suka yi maka aiki a na farko suna iya barin ka hannu rabbana a na biyu.

Ma'aunan da za a ɗora su a kai

Na farko kuɗi, kuma a nan akwai abu biyu da ake yawan haɗawa: kuɗin nema daban, kuɗin karantawa daban. Rumbu yana iya barin ka ka yi nema kyauta, amma da ka danna maƙalar sai mawallafi ya ce ka biya, sau da yawa dala 30 zuwa 40 a kan maƙala ɗaya.

Na biyu ɗorewa. Shin ƙofar za ta ci gaba da buɗe maka bayan ka kammala karatu, ko bayan rajistar jami'arka ta ƙare? Sannan idan ka maimaita neman da ka yi yau nan da wata shida, ko wani ya maimaita shi a wata kwamfutar, zai ga abin da ka gani?

Na uku sauƙi, tare da yawan ikon da rumbun yake ba ka a kan kalmominka. Waɗannan biyun sukan yi hannun riga: wanda ya fi sauƙin shiga shi ne ya fi yin gaban kansa.

Na huɗu haɗari, wato yiwuwar ya kawo maka maƙala daga mujallar bogi wadda ke buga duk abin da aka biya mata ba tare da tantancewar masana ba, ko ya ɓoye maka aiki mai muhimmanci ba ka sani ba.

Na biyar, ko rumbun ya san da zaman mujallun yankinmu.

Yaren da rumbunan ke ji

Kafin a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, dole a san abin da ake gwada su da shi. Rumbunan maƙalu ba jumla suke so ba, ra'ayoyi suke so a rarrabe, a haɗa su da kalmomi uku da suka samo asali daga aikin George Boole, masanin lissafi ɗan Ingila na ƙarni na 19. AND tana ƙuntata sakamako, domin dole kalmomin biyu su bayyana tare. OR tana faɗaɗa shi, ko wacce aka samu ta wadatar. NOT tana fitar da abin da ba ka so. A rubuta su da manyan baƙaƙe. Alamar zancen wani tana ɗaure kalmomi biyu ko uku su zama abu ɗaya, alamar tauraro a ƙarshen tushen kalma tana kawo duk rassanta, baka-biyu kuma tana tattara kalmomi masu ma'ana ɗaya wuri guda.

A ɗauka bincikenka a kan ɓarnar ƙuduji ne a gonakin gero a ƙasar Hausa. Ra'ayoyi uku ne a ciki: ciyawar, amfanin gonar, da wurin. Kowanne ka nemo masa duk sunayen da marubuta ke kiran sa da su:

(striga OR witchweed) AND ("pearl millet" OR "Pennisetum glaucum" OR "Cenchrus americanus") AND (Nigeria OR Niger OR Sahel)

Lura da cewa gero yana da sunan kimiyya biyu, tsoho da sabo, kuma wanda ya sa ɗaya kawai ya yi asarar rabin gonar. Lura kuma ba a sa kalmomi irin su tasiri, nazari, matsala ko ƙalubale ba. Kusan kowace maƙala tana ɗauke da irinsu, to ba sa tace komai, illa ma su kore maka wadda ta yi amfani da wata kalmar daban.

Google Scholar

An buɗe shi a 2004. Kyauta ne, ba ya neman rajista, yana buɗewa a waya ko da sabis ɗin ba ƙarfi, kuma ba wanda zai rufe maka ƙofarsa don ka gama makaranta. Babu rumbun da ya kai shi faɗi: maƙalu, kundayen digiri, babin littafi, takardun taro, rahotannin hukumomi, duk yana kwasowa, kuma yana duba cikin rubutun ba take kawai ba. Saboda haka shi ne ya fi iya tono kundin digiri na biyu da aka ajiye a ma'ajiyar intanet ta wata jami'a, ko maƙalar da ta fito a ƙaramar mujallar wata tsangaya.

Abu biyu a cikinsa sun fi akwatin neman kansa amfani. A ƙarƙashin kowace maƙala akwai "Cited by", wanda ke nuna maka waɗanda suka kafa hujja da ita bayan fitowarta. Idan ka samu maƙala ɗaya mai kyau ta 2012, wannan maɓallin zai kai ka ga waɗanda suka ɗora a kanta har zuwa bana, ko da ba su yi amfani da kalmominka ba. Sai "All versions", inda sau da yawa ake samun kwafin da marubucin ya ajiye kyauta alhali mawallafi yana neman kuɗi.

Rauninsa yana wajen iko. Ba ya karɓar alamar tauraro don yanke kalma. Ba a dogara da shi wajen bin baka-biyu yadda sauran suke bi. Akwatinsa yana da iyakar baƙaƙen da yake ɗauka, abin da ya wuce haka yana yankewa ba tare da ya sanar da kai ba, to doguwar jimlar nema ba ta da wuri a nan. Ko ya ce ya samu sakamako dubu hamsin, 1,000 na farko kawai zai nuna. Jerin kuma yana fifita maƙalun da aka fi kafa hujja da su, ma'ana tsofaffi da na manyan mujallu suna hawa sama, sabon aikin da aka yi a Katsina ko Maraɗi yana can shafi na goma sha. Abin da yake ji da kyau shi ne alamar zancen wani, OR, alamar ɗebewa a gaban kalmar da ba ka so, da umarni irin su intitle: da author:. Idan sakamako ya yi maka yawa, allintitle: almajiri education zai rage shi zuwa waɗanda kalmomin biyu suke cikin takensu.

Haɗarinsa shi ne mafi girma a cikin duka biyar ɗin. Ba ya bayyana jerin mujallun da yake kwasowa, ba ya kuma tantance su. Mujallar bogi da mujallar da ta shekara ɗari tana fitowa, kafaɗa da kafaɗa suke zuwa a shafi ɗaya. Tantancewar ta koma wuyanka.

PubMed

Na Babban Laburaren Likitanci na Amurka ne, yana aiki tun 1996, kuma yana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35 a fannin likitanci, jinya, harhaɗa magunguna, lafiyar al'umma, lafiyar dabbobi da kimiyyar halittu. Nema kyauta ne ga kowa, ba ruwansa da ko kana jami'a. Amma take da tsakure yake ba ka. Cikakkiyar maƙala sai idan tana cikin PubMed Central, ma'ajiyarsa ta cikakkun maƙalu na kyauta, ko mawallafin ya sake ta. Matatar "Free full text" tana ware waɗanda za ka iya saukewa nan take, sai dai kada ka fara da ita, domin za ta sa bitarka ta zama ta abin da ke kyauta kawai, ba ta abin da aka sani ba.

Ƙarfinsa shi ne ƙamus ɗinsa mai suna MeSH. Marubuta suna kiran cuta ɗaya da sunaye barkatai, amma ana liƙa wa maƙalun laƙabi ɗaya. Mai binciken amosanin jini idan ya nemi "Anemia, Sickle Cell"[mh] zai samu maƙalar ko da wane suna marubucin ya kira cutar. Laƙaban kuma a jere suke kamar bishiya: wanda ya nemi "Africa, Western"[mh] ya haɗa da Najeriya, Nijar, Gana da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashinsa. Chadi da Kamaru ba sa ciki, suna ƙarƙashin Afirka ta Tsakiya, to mai bincike a kan yankin Tafkin Chadi sai ya ƙara su da hannunsa.

Ƙamus ɗin shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ba kowace maƙala ce a PubMed take da laƙabi ba. Shi ya sa ake haɗa laƙabi, wanda alamarsa [mh] ce, da kalmomin take da tsakure, waɗanda alamarsu [tiab] ce. Ga mai binciken yoyon fitsari:

("Vesicovaginal Fistula"[mh] OR "obstetric fistula"[tiab] OR VVF[tiab]) AND ("Nigeria"[mh] OR Nigeria[tiab])

Akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata a sani. Idan ka rubuta kalma tsirara, ba alama ba komai, shi da kansa yake fassara ta zuwa laƙabi, ya ƙara mata 'yan'uwanta. Yawanci taimako ne, wani lokacin kuma ɓata hanya. Ka shiga shafin "Advanced", ka buɗe bayanin neman da ka yi, za ka ga ainihin abin da ya nema da sunanka. Da zarar ka sa alamar tauraro kuwa, wannan fassarar ta tsaya, nauyin kawo kalmomi masu ma'ana ɗaya ya dawo kanka.

Ta fuskar ɗorewa babu kamarsa a cikin na kyauta: kana iya adana jimlar nemanka, ka sa ya riƙa aiko maka da sababbin maƙalu ta imel, wani kuma ya maimaita ta ya samu abin da ka samu. Haɗarinsa kaɗan ne, amma ganin maƙala a PubMed ba ya nufin mujallarta tana cikin MEDLINE, wato sashen da kwamiti ya tantance. Kundin mujallu na laburaren yana nuna matsayin kowacce. Wasu mujallunmu suna ciki, misali Annals of African Medicine ta Sakkwato, amma da yawa ba sa nan.

JSTOR

Wannan ma'ajiya ce ta tsofaffin fitowar mujallu, an kafa ta a 1995, kuma ita ce gidan mai binciken tarihi, adabi, harshe, addini, siyasa da zamantakewa. Tana ajiye mujalla tun daga fitowarta ta farko. A nan ake samun Journal of African History, Africa, Journal of the Historical Society of Nigeria, Research in African Literatures da Sudanic Africa. Wanda ke rubutu a kan Daular Sakkwato, sarautar Kano ko cinikin goro bai shiga nan ba, bitarsa da saura.

Jami'o'i ne ke yin rajista, kuma tun 2006 JSTOR ta buɗe shiri na musamman don cibiyoyin ilimi na Afirka, to ka tambayi laburarenku kafin ka ɗauka ba ku da shi. Ko ba jami'a, asusun kai na kyauta yana ba ka damar karanta wasu maƙalu a kowane wata a kan allo, ba tare da saukewa ba.

Iyakarta ita ce yawancin mujallun ba sa shigowa sai sun yi shekara uku zuwa biyar da fitowa. Mai neman abin da aka rubuta bara ya nemi wani wuri. Sannan mafi yawan maƙalunta ba su da tsakure, saboda haka wanda ya taƙaita nemansa ga tsakure ya rufe wa kansa ƙofa. Cikin rubutu take dubawa, wanda ke nufin kalmar da ta fito sau ɗaya a ƙasan shafi ma tana jawo maƙala. Maganin shi ne neman kusanci: "Kano textile"~10 yana kawo wuraren da kalmomin biyu ba su fi tazarar kalma goma ba. Ko ka sa ti: a gaban kalmar da dole ta kasance a take.

AJOL

Dandalin mujallun Afirka ne, ya fara a 1998, yanzu ana tafiyar da shi daga Afirka ta Kudu a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba. Yana da mujallu sama da 500, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki. Bayero Journal of Pure and Applied Sciences, Sokoto Journal of Veterinary Sciences da Nigerian Journal of Basic and Applied Sciences duk suna nan. Tsakure kyauta ne, maƙalu da yawa ma kyauta ake sauke su. Ga binciken da ya shafi ruwan rijiyoyin wata unguwa, cututtukan shanu a wata mahauta, ko sinadaran zogale da sauran tsirranmu, sau da yawa a nan kaɗai aikin yake.

Akwatin nemansa ba shi da ƙarfi, bai dace da doguwar jimla ba. Kalma biyu ko uku, ko kuma ka shiga mujallar da ta dace da fanninka ka bi fitowarta ɗaya bayan ɗaya. Ingancin mujallun ya bambanta, amma dandalin yana tantancewa kafin ya karɓa, yana kuma sa wa kowace mujalla alamar matsayi, daga tauraro ɗaya zuwa uku, ko alamar cewa sabuwa ce ko ta daina fitowa. Ka duba wannan kafin ka jingina babinka da ita.

Scopus da Web of Science

Waɗannan su ne na masu kuɗi. Scopus na kamfanin Elsevier ne, ya fito a 2004. Web of Science na Clarivate ne, kuma tushensa kundin madogara da Eugene Garfield ya fara fitarwa a 1964. Ba a sayar wa ɗalibi shi kaɗai, sai cibiya, kuma ranar da rajistar ta ƙare ko ka bar jami'ar, ƙofa ta rufe. Take, tsakure da fitilun kalmomi suke dubawa, ba su da cikakkun maƙalu a cikinsu.

Abin da ake biya dominsa shi ne iko. Jimla mai layi goma suna ɗaukarta yadda ka rubuta ta. A Scopus, TITLE-ABS-KEY(cowpea W/5 storage) yana nufin wake da ajiya su zo kusa da juna da tazarar da ba ta wuce kalma biyar ba. A Web of Science NEAR/5 ke yin wannan aikin. Kana iya tace sakamako da shekara, ƙasa, jami'a ko fanni, ka sauke bayanan dubban maƙalu a lokaci ɗaya. Mujallun tantantattu ne, ko da yake ana cire wasu idan suka lalace, kuma jerin mujallun Scopus a buɗe yake ga kowa kyauta, da shi ake gane mujallar da ke iƙirarin tana ciki alhali an daɗe da fitar da ita.

Giɓinsu a ɓangarenmu yake. Scopus yana sharɗanta take da tsakure na Ingilishi, kuma mujallun jami'o'in arewacin Najeriya da Nijar kaɗan ne suka shiga. Idan Scopus ya ce maƙala huɗu kawai aka rubuta a kan tsangayun allo a jiharku, abin da yake nufi shi ne huɗu ne a mujallun da ya sani.

Ƙofar da ake mantawa da ita

Research4Life ba rumbu ɗaya ba ne, mabuɗi ne. Shirye-shirye biyar ne a ƙarƙashinsa: Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003, OARE na muhalli tun 2006, ARDI na ƙere-ƙere tun 2009, da GOALI na shari'a tun 2018. Cibiyoyin ƙasashen rukunin A, wato masu ƙaramin ƙarfi irin su Nijar da Chadi, kyauta suke samu. Na rukunin B suna biyan dala 1,500 a shekara a madadin cibiyar gaba ɗaya. Sunan shiga da kalmar sirri suna hannun ma'aikatan laburare. Maƙalar da ka gani a PubMed ko Google Scholar aka ce sai ka biya, ka gwada ta nan tukuna. Mawallafa suna da ikon hana wasu ƙasashe wasu mujallu, to ba duka za su buɗe ba. Kada kuma a watsa kalmar sirrin a zaurukan WhatsApp, domin hakan na iya sa a rufe wa jami'a baki ɗaya.

| Rumbu | Kuɗi | Inda yake duba kalma | Iko a kan nema | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Google Scholar | Kyauta | Cikin rubutu duka | Kaɗan | Ƙofa a buɗe, sakamako na canzawa | Mujallun bogi |
| PubMed | Nema kyauta | Take, tsakure, laƙabi | Sosai | Mai ƙarfi | Lafiya kawai, mujallunmu kaɗan |
| JSTOR | Rajistar jami'a ko asusun kyauta | Cikin rubutu duka | Matsakaici | Mai ƙarfi | Rashin sababbin fitowa |
| AJOL | Yawanci kyauta | Nema mai sauƙi | Kaɗan | A buɗe | Inganci ya bambanta |
| Scopus, Web of Science | Rajistar cibiya mai tsada | Take, tsakure, fitilun kalmomi | Sosai | Sai da rajista | Giɓi a ayyukan yankinmu |

Kalmomin da ke yaudarar mai bincike daga ƙasar Hausa

Akwai tarkuna da suka keɓanta da mu, kuma kowane rumbu da yadda suke kama mutum a cikinsa. Wanda ya rubuta niger* a PubMed ko Scopus don ya haɗa Nijar da Najeriya a tashi ɗaya, zai sha mamakin yawan maƙalu a kan Aspergillus niger, wani nau'in fumfuna, da wani sinadari mai suna nigericin. Gara ka rubuta sunayen ƙasashen a cike, ko ka yi amfani da laƙabinsu. Kano ma haka: suna ne na iyali a Japan, kuma akwai sanannen tsarin auna gamsuwar masu sayayya da ake kira da sunan Noriaki Kano. A PubMed, Kano[tiab] yana tsayar da neman a take da tsakure, Kano[ad] kuma yana kawo marubutan da adireshinsu ke Kano. A Google Scholar ka haɗa shi da Nigeria ko ka rubuta "Kano State".

Sai bambancin rubutu, wanda ya fi cizo a JSTOR da Google Scholar. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zuwa a matsayin Usman dan Fodio, Uthman dan Fodio, Uthman b. Fudi, ko Ousmane dan Fodio a rubutun Faransanci. Hausa tana zuwa Haussa a tsofaffin rubuce-rubuce, haoussa a na Faransanci. Borno da Bornu, Katsina da Katsena, Fulani da Fulbe da Peul. Kowanne ka haɗa su da OR. Baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, na'urar da ta karanta tsohon bugu takan ɓata su, wasu mawallafan ma ba su sa su ba tun asali, to ka nemi waƙa da waka duka biyu. Kalmar Hausa kuma ka kawo tilonta da jam'inta da ta Ingilishin da ake fassara ta da ita: almajiri, almajirai, almajiranci, tsangaya, "Qur'anic school".

NOT kuwa a yi hattara da ita. Wanda ya cire Ghana don ya rage sakamako ya cire har maƙalar da ta kwatanta Kumasi da Zariya, wadda wataƙila ita ce ta fi dacewa da aikinsa.

Wanne ya dace da wa

Ɗalibin digiri na farko mai neman maƙalu ashirin ko talatin don furojet: Google Scholar da AJOL sun ishe shi, matuƙar zai buɗe shafin kowace mujalla ya ga su wane ne editocinta, wace cibiya ce ke bayanta, kuma ko tana alƙawarin buga maƙala cikin 'yan kwanaki, wanda alamar bogi ce.

Likita, ma'aikaciyar jinya, ɗalibin harhaɗa magunguna ko lafiyar al'umma: PubMed ne farko, da laƙabi da kalmomin tsakure a haɗe, sai AJOL don ayyukan gida, sai Hinari don buɗe waɗanda aka kulle. Ɗalibin noma ya ƙara da AGRIS na Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na ilimi kuma ya ƙara da ERIC, wanda shi ma yake da ƙamus na laƙabi. Duka biyun kyauta ne.

Mai digiri na uku, ko duk mai yin bitar ƙwaƙwaf da za a buga a mujalla: rumbu ɗaya ba ya isa, kuma Google Scholar ba ya zama ginshiƙi, saboda ba a iya maimaita sakamakonsa. Scopus ko Web of Science, tare da rumbun fanninsa, sannan Google Scholar don bin sawun madogara. Ya rubuta jimlar neman kowane rumbu baƙi da baƙi, da ranar da ya yi, da adadin da ya samu, domin PRISMA, ƙa'idar rubuta rahoton irin wannan bitar, tana buƙatar haka. Zotero, manhajar adana manazarta wadda kyauta ce, za ta tattara masa sakamakon ta nuna masa waɗanda suka maimaitu.

Mai tarihi, siyasa ko nazarin addini: JSTOR, da duk sigogin rubutun sunaye. Wanda bincikensa ya taɓa Damagaram, Maraɗi ko Tawa, ko ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ya shiga rumbunan Faransanci, wato Persée da HAL, waɗanda kyauta ne, da Cairn, ya kuma yi neman da kalmomin Faransanci, domin aikin da aka yi a kan wancan ɓangaren na ƙasar Hausa da yawansa da Faransanci aka rubuta shi.

Ɗalibin harshe, adabi ko al'adun Hausa shi ne wanda rumbunan nan biyar suka fi gaza wa. JSTOR zai ba shi abin da aka rubuta da Ingilishi, Google Scholar zai tsinto masa wasu kundaye da sababbin maƙalu idan ya nema da kalmomin Hausa. Amma Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero, Harshe ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Ɗunɗaye ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tsofaffin fitowarsu a kan kanta ake samun su. Ya duba Kubanni, ma'ajiyar kundaye ta Jami'ar Ahmadu Bello a intanet, sannan ya ware kwanaki don Laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, Laburaren Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, Gidan Arewa a Kaduna, da ɗakin ajiyar kundaye na sashen da ya fi kusa da shi. Ya tafi da jerin kalmominsa a rubuce, na Hausa da na Ingilishi, ya miƙa wa ma'aikacin sashen mujallu, ya kuma nemi a nuna masa rajistar kundayen digiri na shekarun da yake bukata.